Sha'irin Gari: Rawanin da Birane Ke Naɗa wa Marubuta Waƙa, da Rigimar da Ke Biyo Shi

A birnin Groningen da ke arewacin ƙasar Holan akan samu mutum ya mutu shi kaɗai a ɗaki, a nemi dangi a rasa, a nemi aboki a rasa. Hukumar birni ce ke binne irin wannan mamaci, kuma a da babu mai rakiya sai ma'aikacin hukuma da masu ɗaukar akwati. A farkon shekarun 2000 wani marubucin waƙa mai suna Bart FM Droog, wanda birnin ya naɗa sha'irinsa, ya ga abin bai kwanta masa ba. Sai ya ɗora wa kansa aiki: ya bincika ɗan abin da za a iya sani game da mamacin, ya rubuta masa waƙa, ya je maƙabarta ya karanta. Amsterdam ta ɗauki wannan al'ada, Antwerp ta ƙasar Beljiyam ma ta bi. Ga Bahaushe, wanda ko baƙo ne ya faɗi a tasha sai an haɗa sahu an yi masa salla, abin mamaki biyu ne a nan: jana'iza babu mutane, da kuma gari mai sha'iri na hukuma. Na biyun za mu warware.

Muƙami ne da Turawa ke kira Poet Laureate. Ƙasa na iya naɗa nata, jiha na iya naɗawa, haka birni, ƙaramar hukuma, har unguwa. A Amurka sama da jihohi 40 cikin 50 suna da shi, birane da gundumomi kuwa ba a magana. Ana zaɓen marubucin waƙa ɗaya daga mazauna wurin, a ba shi wa'adi, galibi shekara 2, a ce shi ne bakin garin a fagen waƙa. Zai karanta waƙa a bukukuwan hukuma, ya zaga makarantu da ɗakunan karatu, wani lokaci gidajen yari da asibitoci, sannan ya ƙirƙiro wani aiki nasa da zai bari a baya. A takarda abin ba shi da wuya. Wuyar tana wajen tambaya ɗaya da ta bi muƙamin tun ranar da aka haife shi: idan hukuma ta naɗa wa mawaƙi rawani, harshensa na wa ne?

Asalin abin fada ne. A 1341 an ɗora wa Petrarch, marubucin waƙa na Italiya, kambin ganye a birnin Rum, amma wannan girmamawa ce ta rana ɗaya. Muƙami mai takarda da albashi a Ingila ya samu, a 1668, lokacin da Sarki Charles II ya naɗa John Dryden. Aikin a fili yake: sarki ya ci yaƙi, a yi waƙa, an yi haihuwa a gidan sarauta, a yi waƙa, sabuwar shekara ta kama, a yi waƙa. Ladan kuwa 'yan kuɗi ne da gangar giya. Kuma tun a kan mutum na farko aka ga inda gizo ke saƙa. Dryden ya koma ɗariƙar Katolika, aka yi juyin sarauta a 1688, ya ƙi yi wa sabon sarki William mubaya'a, aka tuɓe shi. Don ƙarin cin fuska sai aka miƙa rawanin ga Thomas Shadwell, mutumin da Dryden ya taɓa zazzaga wa zambo a waƙa.

Daga nan darajar muƙamin ta yi ta zubewa, domin waƙar da aka yi don dole ba ta cika daɗi ba. Cikin manyan marubuta, Thomas Gray ya ƙi karɓa a 1757, Walter Scott ya ƙi a 1813. William Wordsworth bai amsa ba a 1843 sai da Firayim Minista Robert Peel ya tabbatar masa ba za a nemi komai daga gare shi ba, kuma har ya rasu a 1850 bai rubuta wa fada ko baiti ɗaya ba. Sai a 1999 aka daina riƙe muƙamin har mutuwa, aka mayar da shi shekara 10, kuma sai a 2009 mace ta fara hawa, wato Carol Ann Duffy, bayan shekara 341.

Amurka ba ta da sarki, don haka da ta ari muƙamin sai ta rasa wanda za a yi wa kirari. Wannan rashin shi ya canza aikin. Jihar Kalifoniya ce ta fara a 1915 da wata ma'aikaciyar ɗakin karatu, Ina Coolbrith. A matakin tarayya an buɗe kujerar mai ba da shawara kan waƙa a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki a 1937, sai a 1986 aka fara kiran mai kujerar sha'irin ƙasa, Robert Penn Warren ne na farko. Shugaban ɗakin karatun ke naɗawa, ba shugaban ƙasa ba, kuma ba a tilasta wa kowa rubuta waƙar yabo. Tun da babu fada, sai sha'iran suka juya wajen talakawa. Robert Pinsky, wanda ya hau a 1997, ya sa aka bi mutane ana tambayarsu waƙar da suka fi so, ana ɗaukar su suna karantawa. Billy Collins ya tattara waƙa 180, ɗaya ga kowace ranar makaranta, don a riƙa karanta wa ɗaliban sakandare.

Amma wadda ta nuna yadda ake riƙe wannan aiki a matakin ƙasa-ƙasa, a ganina, ita ce Gwendolyn Brooks. Ita ce baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar rubutu ta Amurka, a 1950. Jihar Illinois ta naɗa ta a 1968, ta riƙe har rasuwarta a 2000. Shekara 32 tana yawo makarantu da gidajen yari, tana shirya wa yara gasar waƙa, kuma kuɗin kyautar daga aljihunta yake fitowa. Ana yawan ba da wannan labari don a yabe ta, kuma ta cancanci yabo. Ni dai ina ganin akwai abin kunya a ciki ga jihar da ta bar ta tana yin hakan.

Birane sun shigo a makare, amma da suka shigo sai abin ya yaɗu. Birmingham ta Ingila ta fara a 1996, San Francisco a 1998, Glasgow a 1999, Toronto a 2001, Boston a 2008, Los Angeles da Philadelphia a 2012, Chicago sai a 2023. Na San Francisco akwai abin dariya a ciki. Wanda aka naɗa, Lawrence Ferlinghetti, mai kantin littattafai ne da 'yan sandan birnin suka gurfanar a kotu a 1957 bisa zargin buga littafin waƙoƙi na batsa, alƙali ya sallame shi. Bayan shekara 41 birnin da ya kai shi kotu ya ce shi ne bakinsa.

Yadda ake zaɓe ya bambanta, amma akwai hanyar da yawanci ke bi. Ɗakin karatu na birni ko hukumar raya fasaha da al'adu za ta sanar an buɗe neman muƙami. Mai nema sai ya nuna shi mazaunin garin ne, ya kawo samfurin waƙoƙinsa, ya nuna abin da ya taɓa yi wa jama'a, ya rubuta shirin da zai gudanar idan ya samu. Kwamiti na marubuta da malamai da ma'aikatan ɗakin karatu zai tace, ya gana da waɗanda suka kai ƙarshe, sannan magajin gari ko gwamna ya sa hannu. Wannan tacewa ba ado ba ce. A 2014 gwamnan North Carolina, Pat McCrory, ya tsallake hukumar fasaha ta jiharsa ya naɗa wata ma'aikaciyar gwamnati da ta buga ƙananan littattafanta da kanta. Tsofaffin sha'iran jihar suka yi caa, jaridu suka ɗauka, kafin mako ya zagayo baiwar Allah ta ajiye. Gwamnan ya zargi masu sukar da girman kai irin na 'yan boko. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin kwamitocin nan sukan karkata ga masu digiri da waɗanda manyan kamfanoni suka buga wa littafi. Sai dai shi ne ya jefa matar cikin wuta, ya koma gefe.

Nan ma akwai saɓani da ba a gama da shi ba: me ake girmamawa, gwanintar alƙalami ko iya hulɗa da mutane? Akwai sha'irin da zai rubuta baiti ya girgiza ka, amma a sa shi gaban yara 40 na aji ɗaya ya rasa ta cewa. Akwai wanda zai riƙe zauren taro awa guda, amma waƙarsa a takarda lami ce. Tsohon tsari na farko yake nema. Tsarin birane na yanzu, da yake yana son a gani a ƙasa, ya fi karkata ga na biyu, shi ya sa masu waƙar dandali, waɗanda ke haddace waƙa su furta a gaban jama'a, suka samu shiga sosai. Porsha Olayiwola, wadda Boston ta naɗa a 2019, daga wannan fage ta fito, ta taɓa zama zakara a gasar duniya ta irin wannan waƙa. Masu ra'ayin da suna gunaguni cewa an mai da sha'iri ma'aikacin wayar da kai. Ban ga laifin hakan ba muddin waƙar tana da kyau, kuma muddin ana biyan kuɗin aikin.

To kuɗin fa? Nan ne ake jin kunya. A 2019 sha'irin Birtaniya fam 5,750 yake karɓa a shekara. Los Angeles ta fara da dala 10,000 a shekara. Chicago da ta zo daga baya ta ware dala 50,000 na wa'adin shekara 2, amma a ciki za a rubuta sababbin waƙoƙi a kuma shirya taruka. Ƙananan garuruwa da yawa ba sa ba da ko sisi, sai takardar yabo da hoto da magajin gari. Mutum zai yi ta zirga-zirga da man motarsa, ya bar aikinsa na neman abinci, don birni ya samu abin faɗi cewa yana daraja adabi. Wannan gibi ne ya sa wata ƙungiyar marubuta waƙa ta Amurka, Academy of American Poets, da tallafin gidauniyar Mellon, ta fara a 2019 ba sha'iran jihohi da birane kuɗin gudanar da ayyuka, yawanci dala 50,000 ga kowanne da aka zaɓa. Abin a yaba ne, amma ya tona asiri: hukuma ke naɗa rawani, gidauniya ke ciyar da mai rawanin.

Duk da haka wasu sun yi abin a zo a gani da ɗan abin da aka ba su. Sonia Sanchez a Philadelphia ta tattaro gajerun waƙoƙi kan zaman lafiya daga yara da manya, aka zana su a bangon gini, a birnin da harbe-harbe ke cin matasa. Trapeta Mayson, haifaffiyar Laberiya kuma ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ita ta riƙe muƙamin a wannan birni lokacin annobar korona, lokacin da taro ya haramta. Sai ta buɗe layin waya kyauta: ka kira, ka ji wani marubucin garin yana karanta waƙa, sannan a gaya maka inda za ka samu taimako idan damuwa ta yi maka yawa. Ba a buƙatar babban zaure, ba a buƙatar intanet.

Reshen da ya fi saurin girma shi ne na matasa. Amanda Gorman da duniya ta sani ranar 20 ga Janairu 2021, lokacin da ta karanta waƙa a bikin rantsar da Joe Biden tana da shekara 22, ba daga sama ta faɗo ba. A 2014 aka naɗa ta sha'irar matasa ta Los Angeles, a 2017 ta zama ta farko a matakin ƙasa. Landan kuwa, in ka duba jerin sha'iranta na matasa, sai ka ga 'ya'yan Afirka: Warsan Shire, 'yar asalin Somaliya, a 2013, Caleb Femi, wanda aka haifa a Kano ya tashi a unguwar Peckham, a 2016, Theresa Lola, haifaffiyar Legas, a 2019. Biranen sun gano cewa wanda aka zaɓa saƙo ne a kan kansa, yana gaya wa yaran baƙin haure cewa garin nasu ne su ma.

Yanzu ga inda ake karo. A 2002 jihar New Jersey ta naɗa Amiri Baraka, tsohon ɗan gwagwarmayar baƙar fata wanda kowa ya san bakinsa da kaifi. Watanni kaɗan bayan haka ya karanta a wani bikin waƙa wata doguwar waƙa kan harin da aka kai wa Amurka ranar 11 ga Satumba 2001, a ciki har da baitocin da ke nuna wai an gargaɗi Isra'ilawa 4,000 kada su je aiki ranar. Magana ce marar tushe, kuma akwai Isra'ilawa cikin waɗanda suka mutu. Gwamna Jim McGreevey ya ce ya sauka, ya ce ba zai sauka ba. Da aka buɗe doka sai aka ga ba ta tanadi hanyar tuɓe shi ba. Majalisar jihar ta rasa yadda za ta yi da mutumin, sai ta soke kujerar ɗungurungum a 2003. Baraka ya yi kuskure a baitocin, amma jihar da ta naɗa shi ta san ko shi wane ne, sunansa take so ba tare da harshensa ba. 

Na Antwerp ya fi wannan tsabta, domin babu ƙarya a ciki. A 2022 Ruth Lasters, malamar makaranta kuma ɗaya daga cikin sha'iran birnin, ta rubuta waƙa tare da ɗalibanta na makarantar koyon sana'a, suna kukan yadda tsarin ilimi ke raba yara zuwa rukunin A da rukunin B, a bar 'yan B da tabon raini. Hukumar birni ta ƙi karɓar waƙar a matsayin waƙar gari, ta ce siyasa ce. Lasters ta ajiye muƙami, sauran abokan aikinta suka biyo ta daga baya. Waƙar da aka ƙi kuwa ta fi duk waɗanda aka karɓa yaɗuwa.

Akwai kuma inda hukuma ta saurara. Birnin Halifax na Kanada, wani gwamnan mulkin mallaka, Edward Cornwallis, ya kafa shi a 1749, kuma shi ne ya sa tukuici ga duk wanda ya kawo fatar kan ɗan ƙabilar Mi'kmaq, 'yan asalin wurin. A da mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar gari. A 2016 kansiloli sun ƙi ko da tattauna batun. A shekarar ne aka naɗa Rebecca Thomas, 'yar Mi'kmaq, sha'irar birni. A Afrilun 2017 ta tsaya a zauren majalisar ta karanta musu waƙa a kan mutumin, ido da ido. Cikin makonni suka amince a kafa kwamiti, a Janairun 2018 aka sauke mutum-mutumin. Ba waƙar kaɗai ta yi aikin ba, dattawan ƙabilar irin su Daniel Paul sun shekara da shekaru suna wannan kira, an kuma yi zanga-zanga. Abin da muƙamin ya ba ta shi ne ƙofa. Mai zanga-zanga a waje yake tsayawa, ita kuwa tana cikin jadawalin zama, dole a zauna a ji.

Mu nan ba baƙi ba ne ga mawaƙi mai sarauta, mun ma riga wasu. Salihu Jankiɗi ya yi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa har ta zama abin nazari a jami'a. Fada na ba makaɗinta gida da doki da sutura, shi kuma ya wasa ubangidansa ya yi wa abokan hamayya zambo. Kowa ya san sharaɗin, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko a kwanan nan, Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Nazir Ahmad Sarkin Waƙa a 2018, da aka sauke Sarkin a Maris 2020 shi ma ya ajiye sarautar. Labarin Dryden ke nan a wani gari. Wannan tsari ya haifar da manyan waƙoƙi, ba mai musu, amma mawaƙin na sarki ne, ba na gari ba.

Abin da ya fi kama da sha'irin gari a tarihinmu ba a wajen makaɗa yake ba, yana wajen masu rubutacciyar waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajis, wato mata malamai, ta tura su ƙauyuka suna koya wa mata 'yan taru addini ta hanyar waƙa. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu sun yi wa jama'a magana kan jahilci da mulki da zaman duniya, ba tare da wata hukuma ta ba su kujera ba, wasu lokutan ma hukumar suke suka. Girmamawar da irinsu suka samu daga jami'a ta zo, kamar digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Aliyu Namangi, kuma takan zo bayan mutum ya tsufa.

Da Kano ko Sakkwato ko Damagaram za su so irin wannan muƙami, marubuta ba za su yi wuyar samu ba, suna nan a ƙungiyoyi da gidajen rediyo da shafukan Facebook. Abin tsoro shi ne kada ya zama wata kujerar mai ba gwamna shawara, a miƙa wa wanda ya yi waƙar kamfe. Sai an rubuta a doka wa ke zaɓe, kuma kada ya zama ofishin gwamna; shekara nawa ne wa'adi, kuma gara ya ƙetare lokacin zaɓe; nawa za a biya kuma daga wane asusu; da wane laifi za a iya tuɓe mutum kuma wa zai yanke. A Kano akwai ƙarin tambaya, domin tun 2001 jihar tana da hukumar tace finafinai wadda ikonta ya kai ga mawaƙa da marubuta, don haka sai an fayyace ko sha'irin gari zai kai mata waƙarsa kafin ya karanta a zauren majalisa.